Kwaɗon Rufe Iyaka

"...da gajiya, da iyali, da rundunar da ka tara?" in ji Kaka, ko ɗago kai ba ta yi ba daga shinkafar da take tsincewa a faranti.

"Lafiya lau, amarya. Ashe kina nan? Na ɗauka zuwa yanzu kin matsa wa na baya."

"Sai na ga bayanka, angon banza."

Mai Lasifika ke nan, babban jikanta, wanda unguwa ta laƙaba wa sunan tun da ya samu aikin bin motar jam'iyya yana kwarara ihu. Bana magana ɗaya jam'iyyarsu ta riƙe: ƙasa ta cika, a rufe iyaka, baƙi su koma inda suka fito. Kaka kuwa ta san abin da ya cika, wato ɗakinsa, da mace da 'ya'ya bakwai a ciki. Ta kuma san inda idonsa yake: ɗakin da ke jikin nata, inda Tela take haya. Tela baƙuwa ce daga wata ƙasa, maganarta ma a karye take fita, amma ita ke shafa wa Kaka magani a gwiwa kullum da safe, ta kama ta ta miƙe. Kaka ba ta faɗa wa kowa ba, amma tana tsoron ranar da za ta farka ba ta ji ƙarar keken ɗinkin nan ba.

"Ina ƙwan fitilar da na aike ka?" in ji Kaka.

Ya zaro wani ƙaton kwaɗo sabo fil daga aljihu, ya dire shi kusa da farantin yana washe baki.

"Na sayo miki abin da ya fi fitila. Ki ba wa baƙuwarki wa'adi, ta kwashe tsummokaranta, mu danna wannan a ƙofa. Kishin ƙasa ke nan."

"Kishin ƙasa ko kishin ɗaki?"

"Ke ba kya jin labarai. Asibiti layi, makaranta yara a ƙasa, mota ba wurin zama. Mutane sun yi yawa, tsohuwa."

"To wa ya haifo su? Tela ita kaɗai ta zo, da keke da akwati. Kai kuwa duk shekara sai an kira ni barka. Ungozoma ma ta daina tambayar hanyar gidanka, ƙafarta ce ke kai ta."

"Nawa 'yan ƙasa ne."

"'Yan ƙasa masu cin burodina. Na tsakiyan nan mai kai kamar naka, jiya gwangwanin madarata ya kafa wa baki."

"Gado ya yi. An ce ke da kina yarinya, sai da aka riƙa ɓoye sukari a saman rufi."

"Wanda ya faɗa maka ya mutu da haushina. Kai dai yi mini bayani, a motar taku wa ke tuƙi?"

Mai Lasifika ya sosa ƙeya. "Wani ne."

"Wani daga ina? Na ji shi ranar da kuka tsaya a bakin titi yana waya da yarensu. Kana sama kana ihun a kore su, yana ƙasa yana ja da kai. Da ya yi zuciya ya taka burki, da haƙoranka sun riga ka sauka."

"Wannan daban. Shi yana da amfani."

"Kai fa? Na aike ka fitila ka kawo mini ƙarfe. Da amfani ake zama a ƙasa, da tuni an ɗora ka a mota da lasifikarka an kai ka bakin iyaka, can ma su ce ba su yi oda ba."

Daga ɗakin Tela keken ya tsaya. Kaka ta ji shirun har cikin ranta, ta san matar tana saurare, kuma duk da ƙarancin Hausarta ta tsinci abin da ya ishe ta a maganar. Nan wasan ya fita daga ran tsohuwa, ko da yake bakinta bai nuna ba. Ta ɗauki kwaɗon ta juya shi a hannu.

"Yana da ƙarfi kuwa?"

Idonsa ya yi haske. "Ko guduma ba ta fasa shi."

"To kama ni in tashi. Ka ga, ko kamun ba ka iya ba, kamar mai jan buhu."

Ta dogara sandarta, ta wuce ƙofar Tela ko kallo ba ta yi ba, ta tsaya a ɗakin ajiya, inda buhun shinkafa da mai da madara suke. Ta ja ƙofar, ta saƙala kwaɗon, ta danna.

"Na shiga jam'iyyarku," in ji ta. "Gidan nan ya cika. Daga yau na rufe iyaka. Duk wanda ba a nan yake kwana ba, ya ci a ƙasarsu."

"Haba amarya, yaran fa nan suke karyawa kafin makaranta."

"Baƙin haure ne. Ta katanga ma suke shigowa, na sha ganinsu."

"Jininki ne fa."

"Jinina da ke cinye ni. Ka je ka yi musu ihu a lasifika, ko za su ƙoshi."

Ya dubi kwaɗon da ya saya da kuɗinsa, ya dubi tsohuwar, sai dariya ta ƙwace masa har ya dafa bango.

"Na bar miki ɗakin, ki zauna da Telarki har ku tsufa tare. Ga makullan, buɗe mana iyaka."

Kaka ta karɓa, ta ɗaure ɗaya a bakin zaninta, ta ɗaga murya ta kira Tela. Matar ta leƙo a tsorace, da zare a leɓenta. Kaka ta danƙa mata ɗayan a tafin hannu.

"Gobe in 'ya'yansa sun zo, su nemi izinin shiga a wurinki. Kai kuma koma ka sayo mata ƙwan fitila, da duhu take ɗinka wa 'yan ƙasarka kayan makaranta."