Ranar da Na Yi wa Kibod Ɗin Anti Ladi Ta'aziyya

Ba zan taɓa mantawa ba da wata Laraba a Tunga, ranar da na tsaya gaban jama'a na sanar da mutuwar abin da ke nan da ransa.

Wata takwas ke nan da gama karatuna na lantarki, babu aiki, sai sunan Injiniya da 'yan unguwa suka liƙa mini (ni ma ban hana su ba). Anti Ladi, ƙawar mahaifiyata, tana da shagon buga takardu a bakin titi. Ita ta tausaya mini, ta ce za ta ba ni kusurwa ɗaya in kafa teburin gyara, amma sai ta ga aikina tukuna. Jarrabawar kuwa ita ce tsohon kibod ɗin kwamfutarta, irin mai ƙarar nan ƙwas-ƙwas, wanda kowane maɓalli ke da nasa suwic a ƙasa. Guda biyar sun daina aiki.

"Kwana ɗaya ya ishe ni," na ce, har da bugun ƙirji.

A gida na cire maɓallan kaf na jiƙa su a ruwan sabulu don in burge ta. Na narkar da tsohuwar dalma, na liƙa sababbin suwic, na mayar da maɓallai da ka. Ɗaukar hoton jerinsu kafin in cire? Wane hoto, ni da na yi shekara biyar ina karatu?

Ina jonawa a kwamfuta sai ga matsala. In danna M, N ta fito. In danna U, sai ga Y. (A nan dole in tona kaina: da yatsa biyu nake bugu, ido a kan maɓallai, kamar kaza na tsintar dawa.) Nan take na yanke cewa dalma ta haɗe layukan wutar ciki. Na ɗauko mitar gwada wuta na bi fanel, wato koren allon da ke ciki, ƙafa bayan ƙafa. Na narkar, na sake liƙawa, na ƙona babban yatsana. Mita na cewa komai lafiya, ni kuma na ce ai mitar ce ta lalace.

Rana ta uku na hau keke zuwa shagon, zuciyata duk ta karaya. Ɗalibai sun cika benci suna jiran takardunsu. Na gyara murya.

"Anti, sai haƙuri. Fanel ya mutu. Layukan ciki sun rikice, ko a Legas ba mai tayar da shi."

"Ya mutu?" Ta dafa ƙirji. "To ɗana, kawo in yi masa sallama."

Ta jona shi, ta kafa ido a kan rubutun wani ɗalibi, ta saki yatsu goma. Ƙwas-ƙwas-ƙwas, shafi ya cika, ko kuskure ɗaya babu.

"Ina mutuwar?" ta ce.

"Anti, danna M ki gani."

Sai ta sunkuya ta kalli maɓallan, abin da ta yi shekaru ba ta yi ba. Can ta ƙyalƙyale da dariya har da hawaye.

"Wa ya kai M gidan N? Injiniya, ka yi wa haruffa canjin haya!"

Da bakin cokalin shayinta ta ɓalle guda huɗu ta mayar da kowanne gidansa. Benci ya ɗauki dariya. Wata ɗaliba har da tambayar makarantar da na yi. Kunya ta kama ni. Na saɓi jakata na nufi ƙofa, na san teburi ya tafi.

"Ina za ka?" Anti ta kira ni. "Biyar ɗin da suka mutu duk sun tashi. Hannunka ya iya aiki, kanka ne yake gudu. Litinin ka kawo teburinka."

Sai dai da sharaɗi: kullum da safe in yi bugun rabin awa, ta rufe mini hannuwa da ɗankwali.

Yanzu ko noti ɗaya ba na kwancewa sai na ɗauki hoto, kuma ba na sanar da mutuwar kaya sai mai shi ya taɓa. Har yau in aka kawo gyara, Anti kan leƙo daga bayan kwamfutarta ta ce, "Injiniya, wannan ya mutu ne, ko in zo in duba?"