Dodon da na goyo daga Chaina

Ba zan taɓa mantawa da safiyar da na tuɓe riga a gaban surukina ba. Lokacin ma bai zama surukin nawa ba, saura kwana tara a ɗaura aure.

Bari in fara da laifina. Shekara goma sha ɗaya da suka wuce, ina karatun injiniya a Chaina, ɗan saurayi siriri mai ji da kansa, na je aka zana mini dodo a baya. Tatu na gaske, na allura, ba na lalle ba. Diragon dai, wanda Larabawa ke kira tinnin. Abokin ɗakina, ɗan ƙasar, shi ya cika mini kunne: wai a wajensu ba mugun abu ba ne, shi ke kawo ruwan sama da sa'a, sarakunansu ma da shi suke ado. Wai na Turawa ne mugu, mai fuka-fuki da feshin wuta, yana kwance kan zinariya har wani jarumi ya zo ya sare shi. Ni kuwa wauta na cina, na ce irin nasu nake so, mai gashin baki da farata, daga kafaɗar hagu har ƙugu. (Mahaifiyata har yau ba ta sani ba. In kun san ta, ku rufa mini asiri.)

Hankali ya zo daga baya. Na yi nadama, na tuba, amma zane yana nan daram. Na samu aiki a matatar mai a Yanbu ta Saudiyya, ga teku a ƙofar gida, amma ban taɓa shiga ba riga ba. Ko Umara na je, naɗe harami nake kamar mai zazzaɓi.

Sai Allah Ya haɗa ni da Ruwaida, haifaffiyar Madina, wadda in na yi mata Hausa sai ta mayar mini da Larabci. Mahaifinta, Baba Usman, jikan alhazan Kano ne da suka zo suka zauna. Dattijo ne marar yawan magana, wanda ya taɓa sallamar wani manemi don kawai ya ji warin sigari a motarsa. Ban gaya wa Ruwaida zancen dodo ba. Kullum sai in ce gobe.

Ran nan na je gaida Baba Usman a gidansa da ke unguwar Ƙurban a Madina, sai ya ce gobe sha bakwai ga wata, ranar hijama ce, wato ƙaho, kuma tare za mu je, kada in karya. Na ce ina ɗan fama da hawan jini, ya ce ai maganinsa ke nan. Na ce ganin jini na sa ni jiri, ya ce a baya ake yi, ba abin da zan gani. Wallahi na so a ce matatar ta kira ni aikin gaggawa, amma wayata ta yi tsit.

Da safe muka nufi unguwar Jurf wajen wanzaminsa, Ammu Idi, wani tsoho mai safar hannu da ƙoƙunan roba jere a faranti. Da Baba aka fara. Na lura ya cire tabarau ya sa a aljihun rigarsa, aka rataye ta a ƙusa, kuma na san in ba tabarau ko fuskar mutum ba ya tantancewa. Na ɗan samu numfashi. Na matsa kusa da Ammu Idi na roƙe shi a hankali ya yi mini a ƙafa kawai, ashe kunnen Baba ras yake.

Ya ce, "Yalla ya waladi, maza ɗana, tuɓe. Duk maza ne a nan."

Na tuɓe riga. Na tuɓe singileti. Na zauna na ba su baya. Can na ji Baba ya yi salati, ya tambaya cikin tausayi ko a matatar na ƙone haka, shi ya sa nake jin kunyar cire riga? Har addu'a ya fara yi mini.

Kun ga Allah Ya rufa asiri ko? Abin da ya rage in yi shiru. Shi ma Ammu Idi, bawan Allah, bai tona ni ba. Ya ci gaba da goga auduga, ya sunkuyo daidai kunnena ya raɗa mini, yadda ni kaɗai zan ji:

"Ɗana, wa ya zana maka tsaka a baya?"

Ban san lokacin da na juyo ba. Da ƙarfi na ce, "Tsaka kuma? Diragon ne fa!" Da ma a nan na tsaya. Ina! Sai bakina ya kama gudu: na Chaina ne, a duba gashin bakin, a duba faratan, ba irin na Turawa ba ne, wannan shi ke kawo ruwan sama. (Ku dubi mutum, a garin Manzo, gaban dattijon da nake neman 'yarsa.)

"Wa ke kawo ruwan sama?" in ji Baba.

"Allah, Baba."

"Idi, miƙo mini tabarau."

Ya daɗe yana kallo. Ni kuwa ina lissafin yadda zan gaya wa mutanen gida an fasa. Ammu Idi ya karɓi wayata ya ɗauki hoto ya miƙo mini, wai in ga abin da nake karewa. Rabona da in dube shi sosai an yi shekaru, kuma a shekarun nan shinkafar kabsa ta yi aikinta a jikina. Cikin dodo ya baje, tawada ta koɗe, gashin bakin ya ɓace a cikin naman kafaɗa. Gaskiya tsohon bai yi ƙarya ba, tsaka ce mai ciki.

Baba ya tambaye ni ko na tuba, na ce tuntuni. Ya tambaya ko Ruwaida ta sani, na sunkuyar da kai. Ya ce zanen tsakanina da Ubangijina ne, amma ɓoyon tsakanina da 'yarsa ne. Shi ba zai gaya mata ba, ni zan faɗa da bakina kafin la'asar, kuma abin da ta yanke shi ke nan. Sannan ya ce wa Ammu Idi ya ɗora ƙoƙon a tsakiyar kan tsakar.

Kafin la'asar ina zaune a falonsu, bayana duk filasta, na faɗa mata komai na miƙa mata wayar. Ta kalli hoton, ta kalle ni, ba ta yi dariya ba. Ranar na fara jin cikakkiyar Hausa a bakinta:

"Saboda wannan abar ka yi wata takwas kana ɓoye mini?"

Wata biyu ta ɗaga auren, wai in koyi faɗin magana a kan lokaci. An ɗaura daga baya, alhamdu lillahi, amma har gobe a dangin matata sunana Abu Tsaka.

Abin da na koya shi ne, in kana da abin kunya ka faɗe shi da rigarka a jiki. In kuma an riga an tuɓe ka, wani ya taimaka ya rufa maka asiri, to ko ya kira dodonka ƙadangare, ka ce masa na gode.