Rasuwar Almanak na 1938, Wanda Teku Ta Ƙaryata

Da zuciya cike da baƙin ciki, da wando jiƙe har gwiwa, ni Cuthbert Sookdeo, mai gadin ƙofar ruwa ta ƙauyenmu a gaɓar teku a yankin Berbice, nake sanar da rasuwar Almanak, littafin jadawalin shekarar 1938. Ya rasu ranar Talata da hantsi, yana da shekara sittin da ɗaya, cikin ruwan da ya rantse ba zai zo ba sai la'asar.

Marigayin Bature ne gaba da baya, ko da yake a Georgetown aka buga shi. Ya san ranar haihuwar Sarkin Ingila, da sunan kowane gwamna, da kowane manajan gonar rake, har da dawakansu na sukuwa. Kakanninmu da suka haƙa magudanan nan da hannu kuwa, kalma ɗaya ya ba su: leburori. Bai taɓa ɗaga murya ba, iyakarsa ƙaf-ƙaf in an juya shafi.

Shekara arba'in mahaifina na zuwa bakin teku da shi a hammata. Sai ya buɗe shafin cikowar teku da janyewarta, ya gyaɗa kai, sannan ya ɗaga ƙofa ruwan gonaki ya fita. Bai taɓa kuskure ba. Ashe teku tsohon yake kallo ta saman littafin, don ya san in irinmu ya ce ruwa ya janye, ba mai yarda sai an ga Turanci a hannunsa. Da mahaifin nawa ya rasu watan jiya na gaji mabuɗin ƙofar da littafin. Ni da na yi makaranta, littafin na karanta. Ban san teku ba ta bin jadawalin 1938 ba.

Ƙarfe tara na ɗaga ƙofa, yadda marigayi Almanak ya umarta. Teku ta shigo ta kwanta kan shinkafar gida goma sha ɗaya, saura mako biyu girbi. Littafin ya suɓuce daga hannuna, sai a gonar maƙwabciyata Anti Eulalie aka tsamo shi, ya kumbura kamar burodi.

"Kai Cuthbert, idanun nan naka na ado ne?" in ji ta. "Ga teku ƙatuwa a gabanka, ka tsaya tambayar takarda! Yanzu Sarkin Ingilan ne zai ciyar min da jikoki?"

Ina cikin makoki. Kunya kuma ta ishe ni, kuma na san mabuɗin nan ba zai kwana biyu a aljihuna ba.

Almanak ya rasu ya bar taswirar daular Ingila a bangon makarantarmu, da hular gashi a kan alƙalanmu, da ni.

Za a yi jana'iza ranar Asabar a gonar Anti Eulalie. Ita ta ba da filin, ta ce ai shekara uku gishiri ba zai bar komai ya tsiro a wurin ba. Kada a kawo fure. Mai buhun shinkafa ya kai mata. Da an gama rufe shi, a nan bakin kabarin dattawa za su karɓi mabuɗin mahaifina daga hannuna.