Rasuwar 'Yar Kwatano, Lasifikar Gidan Almustapha

Da zuciya cike da baƙin ciki, da kuma zargin da bai kwanta ba tukuna, Malam Almustapha mai albasa na babbar kasuwar Malanville yana sanar da 'yan uwa da abokan kallo rasuwar lasifikarsa, doguwar nan baƙa da ake haɗawa da tele, wadda aka fi sani da 'Yar Kwatano. Ta cika ranar Talata bayan la'asar, tana da wata goma sha huɗu a duniya.

Marigayiya ba 'yar babban gida ba ce. Dala dubu uku aka bayar a kanta, sunan da ke goshinta kuma ya goge tun daminar farko. Amma ta riƙe amana. Kafin zuwanta sai an manna kunne jikin tele ake jin labarai, da ta zo kuwa har mai wucewa a kan kabu-kabu yana ƙaruwa. Muryar mutum tas take fitar da ita. Da an kunna ta takan gaida gida da "tulun-tun", ba ta taɓa fashi ba. Albarkacinta ne maza goma sha biyu suka mai da zauren Almustapha wurin kallon kokawar Nijar, shi ma ya saba da kujerar tsakiya da kofin shayin farko, kuma yana jin daɗin hakan ƙwarai.

Ba a son faɗin aibin mamaci, amma idan aka ƙure ta takan yi "ƙirrr". Kuma ba ta da ƙirji: gangar 'yan kokawa a bakinta kamar ana ƙwanƙwasa kwano. Almustapha da kansa ya samo maganin wannan. Ya gicciya ta a bakin randar ruwan sha, cikin randa ya ara mata "dum-dum" mai girgiza tabarma. Har ya auna ya gane rabin ruwa ya fi daɗin amo. Wata tara ta yi a wannan matsayi.

Makonni uku da suka wuce ta fara shaƙewa. Gefenta na hagu ya yi shiru, na dama ya yi ta ƙoƙari shi kaɗai. Ranar Talata ta ce "fut", ba ta ƙara ba.

Almustapha bai yarda ajali ne kawai ba. Ya lura maƙwabcinsa Rachidi, ɗaya daga cikin sha biyun, ya shafa bayanta ya yabe ta har sau uku bai ce tubarkalla ba. Ya kuma samu labarin Rachidi ya tsallako gada daga Gaya da sabuwar lasifika mai akwatin ƙara daban, kwana biyu kafin rasuwar. Wa ya gaya masa za a yi rashi? An binciki uwargida Balkissa ma kan tsumman goge-goge. Ta rantse, sannan ta nuna randa da haɓa, amma ba a karɓi wannan shaida ba.

Ɗanasabe mai gyara ya buɗe cikin marigayiya ya tarar da tsatsa ta cinye ko'ina. Ya ce danshi ta sha na watanni, ya tambayi inda take kwana. Almustapha ya karɓe gawarta ya fito. A hanya ya tuna Ɗanasabe da Rachidi duka 'yan Garou ne.

Ta rasu ta bar tele, wadda ta koma raɗa, da telekomand ɗin sarrafa ta daga nesa, wanda ya zama maraya, da wayar haɗi biyu, da randa, wadda iyali suka roƙi kada a yi mata tambaya.

Za a yi mata sutura da kwalin da ta zo a ciki, a kai ta makwancinta a ƙarƙashin gado. An sa zaman makoki ranar Lahadi ƙarfe huɗu a zauren Almustapha, daidai lokacin karawar ƙarshe ta neman takobin kokawa. An shimfiɗa tabarmi, an sayi shayi da sukari. Mutum goma sha ɗaya sun riga sun aiko da uzuri, wai suna da wata 'yar magana a gidan Rachidi. Na sha biyun, Rachidi, ya aiko da ta'aziyya, ya ce an ajiye wa Malam wuri kusa da ƙofa.

Saboda haka an mai da karɓar gaisuwa can. Almustapha yana so a sani ba kallo zai kai shi ba, bincike ne.