Shekara Ashirin da Shida Ina Muku Wanki

Zuwa ga Mai Girma Babban Manaja,
Kamfanin Rufi Har Abada.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kana numfashi lafiya. Ni ce matar mai yanka fallayen rufi na asbesto a inji na uku, wanda kuka sallama da agogon bango bayan shekara ashirin da shida. Agogon yana aiki, mun gode.

Na zo ofishinku neman katin asibitin da kuke ba tsofaffin ma'aikata saboda ciwon ƙirji. Sakatarenka ya duba littafi, ya ce ban taɓa yi muku aiki ba. Cikin ladabi, ga 'yan gyare-gyare.

Na ɗaya. Kullum maigida kan dawo fari fat kamar an tsoma shi a buhun gari. Wa ke karkaɗe kayan nan a bayan ɗaki? Wa ke zazzage aljihu, ta share ƙurar, ta wanke, ta goge? Kamfani ba shi da wurin wanki, sai ya buɗe reshe a gidana. Ban taɓa makara ba, ban taɓa yajin aiki ba. Ko da na haihu, kayan jirana suka yi.

Na biyu, yabo ne. Tallanku ya ce kayanku ba sa ruɓewa. Wallahi kun yi gaskiya! Likita ya nuna mini hoton ƙirjina, ya ce ƙurar da na shaƙa tun ina amarya tana nan daram, har ta haifi sankara a tantanin huhu. Sunanta mesoteliyoma. Numfashina ba ya kai ni ƙarshen sunan, sai na yada zango a tsakiya.

Na uku. Shi maigida da kuka ba katin garau yake, tarinsa ɗaya ne, in an ambaci cefane. Ya roƙa a mayar da katin sunana, aka ce doka ta hana. Yanzu shi ke wanki. Ranka ya daɗe, jiya ya haɗa farar rigata da jan zane a bokiti guda. In ba ku tausaya mini ba, ku tausaya wa tufafina mana! Na yi masa dariya har tari ya sarƙe ni. Sai ya shige ɗaki, ya fito ido jawur, wai sabulu ne. Gani yake shi ya kawo mini ciwon. Na ce masa ɗan aike ba ya laifi. Mai aiken kuwa ai kun san shi.

Na huɗu. Ba agogo nake nema ba. Katin nake so, a riƙa zuƙe mini ruwan da ke taruwa a ƙirji, a ba ni tukunyar iskar numfashi. Ba zan ɓoye maka ba, ina jin tsoro.

Sakatarenka ya ce kwamiti kan ba da amsa tsakanin wata shida zuwa shekara. Ikon Allah, daidai abin da likita ya ɗiba mini ke nan! To, mu zuba. In amsarku ta riga ni, alhamdulillahi. In na riga ta, kada ku yi asarar takarda. Ku rubuta sunan matar mai inji na huɗu, igiyar shanyarmu ɗaya, kuma ta fara tari.

Allah ya ƙara girma, ya bar ka da huhunka.

Taka mai matuƙar biyayya,
Shugabar Sashen Wanki,
Reshen Bayan Ɗaki.