Waƙar da Ta Ƙi Saukowa

Wata uku na yi ina tsara waƙar bikin ƙanwata. Da za mu raka ta ƙauyen ango, can bayan garin Cirozerin, Baba ya ce in kwafe a takarda. Na yi murmushin masu ilimi. "Tana cikin ordinata, Baba," na ce, ina nuna kwamfutata.

A gaban taron mata na buɗe, sai sunan waƙar kawai. Ashe ranar da na rage wa na'urar kaya, waƙar ta koma intanet. Ƙauyen kuwa babu rezo, wato sabis na waya.

Ban karaya ba. Na hau tudu da kwalliyata, na ɗaga ordinata sama da hannu biyu, har mata suka watse.

Har yau in na shiga gidan Tanti, sai ta ɗaga faifai sama, ta ce, "'Yata, ta sauko kuwa?"