An Yi Wa Baba Barau Gyaran Fuska

Shekaranjiya ina tsaye riƙe da babur ɗina a layin man fetur nan Faskari, rana ta take, layin bai motsa ba tun hantsi, sai na ji an dafa mini kafaɗa. Na waiwaya na ga wani dattijo mai haɓa fayau, kumatu sun faɗa. Na ba shi hannu biyu na yi masa gaisuwar baƙo, har ina tambayarsa mutanen gida da hanya. Sai ya ja wani dogon tsaki ya ce, "Uwais, har da kai?"

Da tsakin na gane shi. Baba Barau ne, maƙwabcina, wanda katanga ɗaya ta raba gidajenmu. Farin gemunsa da na tashi na gani tun ina yaro, wanda yake shafawa in zai yanke magana, babu shi, ko sili ɗaya. Na ɗan kwana biyu a Kankara wajen 'yan uwa, ashe a bayana aka yi wannan aika-aika. Tunda masu gidan mai sun yi mana alherin ba mu lokaci mai yawa, a nan kan layi ya ba ni labarin, ni kuma ga shi na kawo muku.

Baba Barau manomi ne, gonarsa tana kan hanyar Tafoki. Tsakaninsa da ita akwai wani kwalbati da ruwa ya cinye tun jikokinsa na goye. Duk damina sai ya tuɓe takalmi ya ratsa ruwa, duk kaka sai a yi ta jidar masararsa a ka, don amalanke ba ta iya ƙetarewa. Akwai wani Mai Girma, Sarkin Alkawarin Damina, Allah ya ƙara masa tumbi, wanda duk lokacin neman ƙuri'a yakan zo ya tsaya a bakin ramin, a ɗauke shi hoto yana nuni da yatsa, ya rantse ya koma mota. Baba Barau ba ya son taliyarsa, ba ya son sabulunsa. Abu ɗaya yake nema a duniyar nan kafin ta Allah ta kasance: ya dangwala wa wani daban, ko wane ne, ya dawo gida da tawada a yatsa.

A zaɓen da ya wuce bai samu ba. Na'ura ta ce ba ta ga zanen yatsansa ba, don fartanya ta riga ta shafe shi. Aka sa shi ya wanke da sabulu, ya goga a riga, ya hura masa iska, har wani ya ce ya lasa. Ya lasa. Da yamma ya dawo gida da yatsa tas, sa'o'insa suna yi masa tsiya wai hannunsa bai da rajista. Abin ya ci masa rai ƙwarai, ni na sani, don ya daɗe bai fito hira ba.

To, sai manyanmu masu tausayi suka ji kukan irin su Baba Barau. Suka kafa kwamiti. Kwamitin ya ga ba zai iya tunani a cikin zafin garin nan ba, sai ya tafi wani otal mai sanyi a can nesa. Da ya dawo ya ga tunanin ya yi nauyi, ba zai ɗauku a tsofaffin motoci ba, aka sayo sababbi. Daga nan aka kafa ƙaramin kwamiti don ya duba ko babban ya gaji. Ni dai ina jinjina musu, don ban taɓa ganin mutanen da suka sha wahala dominmu har suka yi ƙiba irin waɗannan bayin Allah ba.

Sakamakon wahalar tasu shi ne abin da rediyon mai shayi ya faɗa wata safiya, Baba Barau yana zaune, injin markaɗe yana ta ruri a gefe. Mai labarai ya ce za a yi wa dokar zaɓe gyaran fuska, kuma nan gaba wanda yatsansa ya ƙi, na'ura fuskarsa za ta duba. Ku da kuka saba da Hausar 'yan jarida kun san gyaran fuska a bakinsu shi ne a taɓa doka nan da can a mayar da ita. Baba Barau kuwa gyaran fuska ɗaya ya sani, wanda ake yi a kan tabarmar wanzami. Cikin ƙarar injin ya tsinci kalma uku, zaɓe da na'ura da gyaran fuska, ya haɗa su yadda duk mai hankali zai haɗa. Ya ajiye kofi ya nufi wurin Lawwali wanzami.

"Lawwali, kwashe shi duka," in ji shi.

Lawwali ya tsaya da aska a hannu. "Baba, duka kamar yaya? Gefe da gefe dai, yadda aka saba?"

"Na ce maka duka. Wancan karon sun ce yatsa bai hito ba. Wanga karon ba mai ce mani huska ba ta hito ba."

"Baba, gemun nan fa ya girme ni. Mi za ni ce ma mutanen masallaci?"

"Ce masu doka ce. In na dangwala shi tsiro abinai."

Haka Lawwali ya kwashe gemun tas. Da Baba ya shiga gida, matarsa Inna Tani ta ja mayafi ta ce maigidan ba ya nan, a dawo an jima. Da ta gane shi sai ta zauna a kan turmi ta yi ta salati. Tun daga ranar yake naɗe haɓa da rawani kamar mai ciwon haƙori, sallah ma sai a sahun baya. Duk ya haƙura, don an ce za a kawo sabuwar na'urar a yi gwaji a makarantar firamaren unguwarmu, kowa ya zo da katinsa a ga ko za ta gane shi.

Ranar gwajin ita ce ranar da muka haɗu a layin mai. Ya riga kowa zuwa. Ya kwance rawani, ya tsaya ƙyam a gaban wani jami'i mai rigar aiki, ya miƙa kati. Jami'in ya saita na'ura a fuskarsa. Ta yi ƙara, ta nuna ja. Aka ce ya matso, ya ja baya, ya daina murmushi, alhali ba murmushi yake ba. Ja dai. Jami'in ya dubi hoton da ke kan katin, ya dubi Baba.

"Baba, wannan katin yayanka ne?"

"Nawa ne. Ni ne nan."

"Mai katin nan yana da gemu har ƙirji."

"Ai ku kuka ce a yi gyaran huska!"

Baba ya ce dariyar da aka yi a filin nan har malaman makaranta sai da suka leƙo ta taga. Jami'in ya share hawaye ya yi masa bayani cewa doka aka ce za a gyara, ba mutane ba. Baba ya tambaye shi, to dokar da aka gyara, ta canza kama? Ya ce a'a, ai shi ya sa ake cewa gyaran fuska, tana nan yadda take. Baba ya ce to yanzu mene ne abin yi? Aka ce ko dai ya jira gemu ya dawo, ko ya jira a buɗe wurin sake hoto, wanda shi ma yana jiran wani kwamiti. Ya ce yaushe ne zaɓen? Jami'in ya ce wannan sai manya. Gemun tsoho kuwa ba ciyawar damina ba ce, kowa ya san ba ya sauri.

Na so in yi dariya a layin nan, amma da na ga idonsa ya kawo ruwa sai na fasa. Haushi ya kama ni, har yanzu bai sake ni ba. A duk faɗin jihar nan mutum ɗaya na sani da ya ɗauki maganar gyaran nan da gaske, har ya ba da abin da ya fi ƙauna a jikinsa, shi ne kuma aka kora gida.

Yau da safe muna wurin mai shayi, rediyon nan dai ya sake magana, injin markaɗe kuma ya yi shiru don babu mai. Wani Mai Girma Gwanin Sanarwa ya ce gwaji ya yi nasara ɗari bisa ɗari. Ya ma kawo misali da rumfar zaɓenmu ta makarantar firamare, ya ce duk mai kati a wurin ya fito, kuma babu mutum ɗaya da na'ura ta ƙi.

Baba Barau ya kai hannu zai shafa gemu, hannun ya sauka a kan iska. Can ya ce, "Uwais, tahi ka tambayo mani Lawwali inda ya zubda gashin nan. Ga alama gemuna ya tahi ya bi layi ba tare da ni ba."

Na je na tambaya. Lawwali ya ce ya share ya zuba a bola, bai san wanda ya kwasa ba. Don haka ina roƙon duk Mai Girman da gemun yake hannunsa, tunda na'ura ta san shi, in ranar zaɓe ta zo a taimaka a tuna masa: mai shi ba ya yin mutumin kwalbati.